Wa Zai Wanke Ta?

Mu na Allah ne, kuma wurinSa muka nufa, wani da safe wani da yamma. Ranar Talatar da Yaya ta riga mu tafiya, abin da ya fara tsayar da mutanen lungunmu a Mandawari ba kuka ba ne, tambaya ce. Mata sun cika tsakar gida, an ɗora ruwa, an kawo ganyen magarya da kafur, likkafani yana ninke a kan tabarma, sai aka tsaya ana kallon juna. Shekara arba'in da ɗoriya, duk macen da ta rasu daga nan har Koki, Yaya ake aika wa ta zo ta wanke ta. Yau ga ta kwance. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu har ta ce, "A kira mai wanka mana, me ake jira?" Sannan ta tuna, ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Daga ƙarshe 'yarta ce ta naɗe hannun riga ta shiga, ita da mata biyu da Yaya ta koya wa aikin.

Mu maza muna waje. Ladan ya hau lasifika ya ce Allah Ya yi wa matar marigayi Malam wane rasuwa, mahaifiyar Malama wance, yayar wane marini. Mutum uku ya kira da sunansu, har da ni. Ba zan ɓoye ba, cikin wannan baƙin ciki sai da wani ɗan daɗi ya tsarga min, don sunana bai taɓa shiga lasifika ba sai ranar da aka yi cigiyar akuyata. Mai rasuwar ce kaɗai ba a ambata ba, kuma babu wanda ya lura.

A zaman makoki kowa ya kawo nasa. Liman ya ce ta rufa wa matan unguwa asiri a ranar da ba sa iya rufa wa kansu. Mai kayan miya ya ce shekara talatin ba ta taɓa sayen tumatirinsa ba sai ta fara zagin tumatirin, ya faɗa yana dariya, ya ƙare yana share ido da hularsa. Ranar uku kuma wata mata ta sauko daga mota, da ƙaton tabarau, ba wanda ya san ta. Ta durƙusa a gabana a soro.

"Baba, sannu da haƙuri. Ba ka gane ni ba ko?"

Na ce ban gane ba.

"Ni ce na mutu a ƙofar gidan nan."

Mutanen da ke kan tabarma suka ɗan ja da baya. Zan dawo kanta.

Ni ƙaninta ne, autan ɗakinmu. Ina rarrafe mahaifiyarmu ta rasu, a bayan Yaya na girma. Rini na yi a Ƙofar Mata har bayana ya ƙi sunkuyawa, shuɗin baba kuwa har yau bai bar farcena ba. Boko aji uku na yi, na ga allon ba ya ƙarewa, na gudu. In kun ga wannan rubutu ya miƙe, 'yarta ce ta miƙar da shi. Ita ce muke kira Malama, tana koyar da aikin jarida a jami'a a wani gari.

Yaya 'yar fari ce, don haka iyayenmu ba su taɓa kiran sunanta ba, saboda kunya. "Yarinyar nan" suke cewa. Mijinta "ke" yake ce mata har ya koma ga Allah. 'Yarta ta ce Inna, unguwa ta ce mai wanka, ni na ce Yaya. Haka ta yi shekara saba'in da wani abu a duniya, sunanta yana ajiye kamar kwanon da ba a ci a ciki.

Malama ce ta saya mata talabijin, har da na'urar sola don kada masu wuta su raina ta. Yaya ba abin da ya dame ta da shi sai tafsiri. Ni ya dama. Duk Asabar bayan La'asar ana maimaita wani wasan kwaikwayo na 'yan sanda, mu dai wasan Sufeto muke ce masa. Nawa akwatin ya daɗe da mutuwa, sai zumunci ya motsa min duk Asabar.

"Auta, ni ka zo gaisarwa ko Sufeto?"

"Ku biyun, Yaya. Amma ke na fara."

"Don ni ce mai ɗan wake."

Wasan kullum hanyarsa ɗaya. Ana buɗewa za ka ga mace kwance, a bakin kwata ko a bayan kanti, kai babu ɗankwali, zani ya zame. Kyamara ta taso daga tafin ƙafa tana hawa a hankali har wuya. Sai Sufeto ya iso da mutanensa, su tsaya a kanta suna magana. A daidai nan Yaya take miƙewa, ta ciro mayafinta, ta lulluɓe talabijin ɗin gaba ɗaya.

"In sun gama surutun sun ɗauke ta, ka faɗa min."

"Ta ina zan sani, kin rufe?"

"Ba ka da kunne?"

Rabin wasan Sufeto da kunne na kalle shi. Na ce mata, "Yaya, wasa ne fa. Yarinyar nan tana gidansu tana cin shinkafa." Ta ce, "Na san wasa ne. Idon da ke kallonta ma na wasa ne?"

In an yaye mayafin kuma sai sharhi. Tambayarta ta kullum ita ce, "To wa zai wanke ta?" Domin a wasan ba a taɓa nuna an kai kowa makwanci ba. Da zarar an jefa gawar a bayan mota, an gama da ita, sauran sa'ar duk ta maza ce, su yi gudu, su yi mari, su sha shayi. Akwai wata 'yar sanda a ofishin Sufeto, kyakkyawa, kullum fayil a ƙirjinta. Yaya ta ce, "Shekara biyu baiwar Allah nan tana rungume da takarda, ko ɓarawon kaza ba su bar ta ta kama ba." In kuwa aka nuno mace mai jan baki da yawan magana, tun kafin ta zauna Yaya za ta ce, "Ga wadda za su ɗora wa." Sau da yawa kuma hakan ne. Ta ɓata min wasa ya fi a ƙirga.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne hannayen gawarwakin. Ta ce ƙarya ce. Ita ba ta taɓa wanke macen da babu tabon mai a hannunta ko faso a dunduniyarta ba. Jiki yana gaya maka wacece: wannan daka ta yi, wannan ɗinkin hula, wannan ta goyi 'ya'ya har kafaɗa ta karkace. "Su kuwa nasu kamar yau aka sauke su daga kanti. Ba a yi su don su rayu ba, don su kwanta aka yi su." Iyakar abin da za ka ji daga bakinta ke nan. Abin da ta gani a jikin wata takamaimai, ko ni ban taɓa ji ba.

Wani hutu Malama ta zo, ta zauna ta kalli wasan tare da mu, ta ga an yi lulluɓin. Dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Inna, kin san abin nan da kike faɗa littattafai ake rubutawa a kai? Shi nake koyarwa. Ana cewa kyamara ido ce, kuma yawanci idon namiji ne. Namiji shi yake aikatawa, mace kallonta ake yi. Har suna masana suka sa wa abin."

"To madalla," in ji Yaya. "Abin ya samu suna. Ita ta bakin kwatar fa?"

Malama ta ce akwai kuma masu cewa abin da mutum yake gani duk mako, a hankali sai ya daina damunsa.

"Wannan ma sai an je jami'a? Dubi kawunki. Ranar da ya fara gani, salati ya yi ya ture kwano. Dube shi yanzu."

Suka juyo. Ina suɗe yatsa.

Ana nan sai masu wasan Sufeto da kansu suka zo ɗaukar hoto a lungunmu, wai suna son tsohon ginin ƙasa. Na bi su ina rawar jiki har darakta, wato shugaban aikin, ya gaji ya ba ni matsayi: in zo wucewa, in ga gawa, in yi ihu in ce, "Jama'a, ku zo!" Na sa babbar rigar Sallah. Kwana na yi ina gwada ihun har maƙwabta suka leƙo.

Suka kwantar da wata yarinya a bakin kwatar ƙofar gidan Yaya, da tsakar rana, suka shafa mata jan abu a wuya, suka jefar da gyalenta gefe. Suka ɗau lokaci suna gyaran wayoyi, ita tana kwance ƙuda na bin ta, maza sun cika kan katanga. Darakta ya ba da umarni a fara. Na taho da tafiyar da na koya, na buɗe baki ke nan, sai ga Yaya ta fito daga soro da wankakken zani. Ba ta kalli kowa ba. Ta shimfiɗa shi a kan yarinyar tun daga kai har ƙafa, ta soke gefe da gefe yadda ta saba.

Darakta ya dafe kai. "Hajiya, don girman Allah! Aiki muke yi!"

"Ni ma nawa nake yi."

"Ba ta mutu ba fa, Hajiya."

"Na gani, tana numfashi. Mene ne sunanta?"

"Wa?"

"Wadda aka kashe ɗin."

Ya duba takardunsa, ya juya shafi, ya sake juyawa. "Ba a sa mata suna ba. Gawa ta ɗaya aka rubuta."

"Akwai ta biyu ke nan."

"Sai mako mai zuwa."

'Yan kan katanga suka fashe da dariya. Yaya ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, in ba ku san ko wacece ba, haƙƙin wa Sufeton naku yake nema?"

Yaron ba marar kunya ba ne, gaskiyarsa ya faɗa. Ya ce, "Hajiya, masu kallo wanda ya yi kisan suke son sani, ba wadda aka kashe ba. Ga Baba nan, tambaye shi." Ya nuna ni. Ni kuma ina cikin babbar riga, ihuna yana maƙale a wuya, sai na gyaɗa kai.

Yaya ta dube ni sau ɗaya. Sannan ta kama hannun gawar ta ce, "Tashi, 'yar nan, rana za ta kashe ki da gaske." Ta shige da ita gida, ta ba ta ruwan randa da ɗan wake, ta tambaye ta sunanta na gaskiya da na garinsu. Masu wasa suka naɗe wayoyinsu suka koma wani lungun. Da aka nuno shirin, ga yarinyar nan kwance a bakin wata kwatar, kai a buɗe, wani ƙato yana yin ihuna. Ba abin da ya canza sai ni da na rasa matsayi da ɗan wake na mako biyu. Amma tun daga ranar, duk sanda aka nuno ta, Yaya takan kira sunanta ta ce, "Allah sarki, an sake kashe ta," sannan ta tashi ta yi lulluɓi.

Yarinyar nan ita ce mai tabarau da ta zo ranar uku. Ta ce ta mutu a wasanni da ita ma ba ta san adadinsu ba, kuma tsohuwar nan ce kaɗai ta taɓa tambayarta suna tana kwance. Na ce har yanzu tana mutuwar? Ta ce a'a, an yi mata ƙarin girma, yanzu ita ce uwar gawa, kuka take yi. Da za ta tashi ta ce, "Baba, ni kuwa ban tambayi nata ba. Mene ne sunanta?" Ga maza zaune, ga bakina da bai taɓa furta shi ba. Na ce, "Yaya muke ce mata." Ta jira kaɗan, ta ga ba ƙari, ta yi addu'a ta tafi.

Yanzu sai abin da ya sa na ɗauki biro, ni da biro ba ma ga maciji da juna tun aji uku.

Ba matan unguwa kaɗai Yaya take wankewa ba. Akwai waɗanda ba su da kowa: wadda ta zo aikatau daga ƙauye ciwo ya kayar da ita, wadda aka tsinta a tasha, mai taɓin hankalin da ta kwana a rumfar kasuwa ba ta tashi ba. In mai unguwa ko ma'aikatan asibiti suka rasa yadda za su yi, Yaya suke aika wa. Ita kuma ba ta yarda ta wanke "wata mata". Bayan an binne, sai ta sa takalmi ta shiga tasha, ta bi masu awara da masu wanke-wanke tana kwatance, wani lokaci mako guda, har sai ta samo suna. Ta ce masu dangi suna da masu yi musu addu'a. Waɗannan nata ne. Duk Juma'a da hantsi takan zauna a kan buzunta ta jero su ɗaya bayan ɗaya, ta roƙa musu gafara. Ba ta karatun boko, ba ta rubutu. A ka take riƙe da su.

Bara hawan jini ya taɓa ta. Ta tashi, amma kai ya fara yoyo. Wata Asabar na tarar da ita da littafin rubutu da biro a kan cinya.

"Auta, jiya na zo tsakiya na rasa mutum biyu. Sai da Azahar suka dawo. Ka yi aji uku, yau ranar aji uku ta zo."

Na ce ta bari Malama ta zo. Ta ce Malama sai hutu, sunayen kuwa ba sa jiran hutu. Ta kuma san babu lokacin da nake zama wuri ɗaya sai lokacin Sufeto, don haka a lokacin za mu riƙa yi.

Ranar farko na yi da gaske. Suna bakwai na rubuta, kowanne sai da na yi gumi, don ba sunan kaɗai take faɗa ba, sai ta haɗa da garinsu da inda aka same ta. Asabar ta gaba kuwa wasa ya ɗau zafi. An kashe matar wani attajiri, an ja labarin mako da mako, ana zargin direba, ana zargin ƙanin miji. Yaya tana gefena tana faɗa a hankali, idonta a rufe don ta tuna. Idona yana kan Sufeto. Hannuna yana motsi don ta ji ƙarar biro.

"Ka rubuta?"

"Na rubuta, Yaya."

"Karanta min."

Sai in maimaita abin da kunnena ya ji yanzun nan, ina bin takarda da yatsa kamar malami. Ta ce, "Yauwa. Allah Ya yi maka albarka." A raina ina cewa in an kama mai kisan zan zauna in sake tambayarta daga farko. Ina Yaya za ta je?

Asabar shida muka yi. A ta ƙarshe ta karɓi littafin, ta shafa bangonsa, ta ce, "Alhamdu lillahi, na sauke." Ta sa shi a akwatinta tare da likkafanin da ta tanada. Ta ce in ta tafi, ni zan riƙa karanta su duk Juma'a, tunda rubutuna ne, ba mai gane shi sai ni. Na ce to. Daga nan ta daina wahalar da kanta da tilawarsu. In Juma'a ta yi sai ta ɗora hannu a kan akwatin ta ce, "Ya Allah, da waɗanda ke cikin littafin nan." Na ga haka da idona. Na yi niyyar faɗa mata ya fi sau goma. Kullum sai in ce bari ta ƙara jin ƙarfi.

Bayan addu'ar bakwai Malama ta buɗe akwatin, ina zaune. Ta ɗauko littafin ta ce, "Inna ta gaya min aikin da kuka yi, Kawu. Allah Ya saka." Ta buɗe shafin farko, ta karanta bakwai ɗin tana hawaye. Ta juya.

"Direba ne," ta karanta. Ta ɗago ta dube ni, ta koma. "Ba direba ba ne, ƙanin miji ne." Ta juya. "Mai jan baki ta sani." Ta juya. Nan zanen motar Sufeto ne, har da tayoyi. Shafin ƙarshe da na yi rubutu a kai: "Direba ne wallahi."

Ta rufe littafin a hankali.

"Kawu."

"Na'am."

"Su nawa ta faɗa maka?"

"Sun fi arba'in."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ko ɗaya ba ka tuna ba? Rufe ido ka gwada." Na rufe. Wallahi na gwada. Abin da ya zo min shi ne sunan Sufeto, da na sajensa, da na attajirin, da na direban. Su duka suna nan daram a kaina.

Mun yi yawo, ni da ita. Matan nan biyu da Yaya ta koya wa wanka sun tuna wata doguwa, sun tuna wata mai zane a kumatu, suna kuwa babu. A asibiti an canza ma'aikata. Masu awarar tasha na wancan lokaci sun yi aure sun watse. Mace ɗaya ce a garin nan ta ɗauki waɗannan sunaye, ta kawo su har bakin ƙofa, ta miƙa wa ƙaninta.

Direban ne kuwa ya yi kisan. A rayuwata ban taɓa cin wata jarrabawa ba sai wannan.

Yanzu duk Juma'a da hantsi nakan shiga ɗakinta in zauna a kan buzun. Talabijin yana nan lulluɓe da mayafinta, ni na rufe shi, ban kuma yaye ba. In karanta bakwai ɗin. Sannan in ce, "Ya Allah, da sauran da na zubar, Kai Ka san su." Liman ya ce hakan ya wadatar, Allah ba Ya mantuwa. Na sani. Ita ma ta sani, amma duk da haka ta sa takalmi ta shiga tasha.

A ragowar shafukan littafin nan na yi wannan rubutu, kwana arba'in ina fama. Da na gama na kai wa Malama ta gyara. Ta karanta har ƙarshe, ta miƙo min biro.

"Kawu, ka cika shafi goma sha biyu a kanta. Duba ka gani ko akwai abin da ka bari."

Na duba. Na yi mata abin da darakta ya yi, na yi mata abin da ladan ya yi.

Allah Ya jiƙanta, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta bayinSa, Ya haɗa ta da matan nan su gaya mata sunayensu da bakinsu. Ni kuma Ya sa ta yafe min. Na koma shafin farko, ƙarƙashin na bakwai, na rubuta na takwas, na kuma faɗe shi da ƙarfi har Malama ta ji.

Sunanta Hasiya.